Ranar da Na Ƙi Yafe wa Hansatu

A duk shekarun da na yi ina koyarwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da ɗaliba ta durƙusa ta nemi gafarata, na dubi tsabar idonta na ce ban yafe ba. Ku sababbin malamai, na san kun ji labarin. Ga yadda aka yi, kafin a ƙara masa gishiri.

A farkon shekarun dawowar shari'a ne, ina malamar ladabtarwa a wata sakandaren kwana ta 'yan mata a ƙasar Daura. Ga wanda bai san aikin ba, duk wadda ta makara, ta tsallake katanga ko ta yi dambe a layin abinci, wurina ake kawo ta in yanke hukunci, sai in abin ya yi girma ya kai teburin firinsifal. Dorina suke kirana a bayan idona. Na sani, kuma sunan bai taɓa hana ni barci ba.

Babbar kwastomata wata 'yar aji biyar ce daga wajen Mai'adua, bari in kira ta Hansatu. Ita ce ta ɗinke hijaban sahu guda da zare da allura ana tsakiyar taron safe, aka tashi watsewa suka zube kamar buhunan gero. Ita ce ta shigar da akuyar maigadi ɗakin malamai. Nakan hukunta ta da rana, in koma gida in yi dariya har da hawaye.

A dogon hutu mahaifiyarta ta rasu. Da aka dawo, Hansatu ta zama wata daban. Ba tsokana, ba surutu, kullum tana lungu ita kaɗai. Malamai suka yi ta hamdala. Malamin addini ya ce wa'azinsa ne ya shiga, firinsifal ɗinmu Hajiya kuwa har ta fara zancen a naɗa ta amirar masallaci. Ni dai na ce ruwa ba ya tsami banza. Yarinya ta rame, kitsonta ya tsufa ba ta damu ba, makinta ya zube, abincinta sai ta tura wa ta kusa da ita. Sannan na ji ta rabar da garinta da ƙuliƙulinta, har da bokitinta. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san ana kyautar komai, amma ba a kyautar bokiti a tsakiyar zango.

Wata Laraba bayan azahar ta shigo ɗakin malamai, tana bin tebur tebur tana neman yafiya. Kowa ya ba ta amsar da aka saba: “Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Har ta iso kaina ta durƙusa.

“Malama, duk abin da na yi miki, ki yafe mini.”

Na ce, “Makka za ki?”

Ta ce a'a.

“Azumi ne ya zo ban ji ba? Ko hutu aka ba ku?”

Ta girgiza kai.

“To ban yafe ba.”

Malamin addini ya ajiye alli. “Subhanallahi. Malama, Allah ma muna saɓa masa yana yafewa.”

Na ce, “Malam, kai ba ta taɓa sa maka akuya ta cinye takardun jarrabawa ba. Ke, wuce ofishina.”

A ƙasarmu mutum ba ya bin jama'a ɗaya bayan ɗaya neman gafara sai da tafiya a gabansa. Ita kuwa babu motar da ke jiranta. Na rufe ƙofa, na ba ta kujera, abin da ba ta taɓa samu a ofishin nan ba, na tambaye ta kai tsaye ko tunanin kashe kanta take yi. Ta ɗaga kai ta dube ni.

“Na gaji ne, Malama. In babu ni kowa zai huta.”

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ban yi mata wa'azin wuta ba, ta fi ni haddace ayoyin. Saurare na yi. Ashe tun ranar rasuwar aka yi ta gaya mata kuka azaba ne ga mamaci, ta haɗiye shi duka, barci ya ƙaurace mata, komai ya fita daga ranta. Na ce ta yi kukanta, in da laifi a rubuta a kaina. Ta yi, ni ma na taya ta.

Ƙa'ida ita ce ba a fitar da ɗaliba sai da izinin firinsifal da sanin iyaye. Hajiya ta ji bayani, ta ce, “Malama, a bi a hankali, kada sunan makaranta ya ɓaci.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, wanne ya fi ɓata suna, a ga motar makaranta ta nufi asibiti ko a ga an shigo da makara?”

Nan take ta sa hannu. Don kada tsegumi ya bi yarinya, na sanar cewa na yanke mata hukuncin zama a gidana sai yadda hali ya yi. Ɗalibai suka yi ta tausaya mata, wai Dorina ta kama nama. Na kawar da duk abin da zai iya cutarwa a gidan, kuma ni da matar maƙwabcina ba mu bar ta ita kaɗai ba ko na ɗan lokaci.

Washegari mahaifinta ya iso kan babur. Dillalin shanu ne, mutumin kirki, amma ya kafe iskokai ne, ruƙiyya kawai za a yi.

Na ce, “Alhaji, in saniyarka ta daina kiwo, tofi kake yi ko malamin dabbobi kake kira?”

Ya shafa gemu. “Duka biyun, Malama.”

“To 'yarka ta fi saniya.”

Muka kai ta Katsina. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ciwo kamar kowane ciwo, ya ba ta magani, ya sa mata ranakun dawowa su zauna su yi magana. Addu'a kuma ba a fasa ba. Sauƙin bai zo da gudu ba, wata rana gaba, wata rana baya, har ta rasa zango guda. Amma ta dawo, ta gama makaranta, yanzu tana da 'ya'yanta da ke gasa mata aya a hannu, ni kuwa ina cewa alhaki ne. Amirar dai wata aka naɗa.

Abin da na koya shi ne, mu malamai mun fi son yaro mai shiru, don ba ya ba mu aiki, sai mu kira shirun tarbiyya mu yaba wa kanmu. Mai ƙiriniya kowa na ganinsa. Wanda ya daina ci, ya daina wasa, ya fara rabar da kayansa, shi ne ke bukatar idonku. Ku tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa wa yaro tunanin da ba shi da shi. Kada ku bar shi shi kaɗai, ku kira iyaye, ku kai shi wurin likita. In kuwa ɗalibi ya zo neman gafara alhali babu tafiya a gabansa, kada bakinku ya riga hankalinku. Ku fara tambayarsa ina za shi.