Waken Zungur da Jan Biron Dakta

Har gobe ban manta da Larabar da Dakta Hajara ta dawo mini da rahotona ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in bincike a wani shirin noma a nan Bauchi, ita ce shugabar sashenmu. Mun raba wa wasu manoman Zungur sabon irin wake don gwaji. Ƙa'idar aikin, duk wata uku a rubuta rahoton inda aka kwana, kuma da shi ne manya za su yanke shawarar raba irin a sauran ƙauyuka da damina mai zuwa.

Bayan girbi na bi manoman gida-gida. Na dawo na rubuta: "Bincike ya tabbatar dukkan manoma sun gamsu da irin." Ni kaina jimlar ta burge ni.

Dakta ta kira ni ofis. Na tarar ta ja wa jimlar layi da jan biro.

"Malam Sabo, me ka tambaye su?"

"Na ce yaya waken, ranki ya daɗe."

"Suka ce?"

"Alhamdu lillahi."

"Dukkansu?"

"Ko mutum ɗaya bai kauce ba."

Ta cire tabarau. "Bara da aka sace maka babur a kasuwar Muda Lawal, na ce maka yaya haƙuri, me ka ce mini?"

Na tuna, Alhamdu lillahi na ce mata.

"To, ka gamsu da satar?"

Washegari na koma Zungur wajen Malam Buba, dattijon da ya fi kowa yi mini godiya. Wannan karon na roƙe shi ya nuna mini waken. Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya kwance buhu. Ƙwari sun mayar da rabinsa gari.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ɗan nan, kyauta kuka ba mu, ka kuma tako har ƙofar gidana cikin rana. In dube ka in ce abinka bai yi ba? Ba haka aka rene ni ba."

Ya ce a gona kam waken yana bayarwa, amma ba ya ajiyuwa. Nasu na gado yana kai su bazara, wannan kuwa ko wata biyu bai yi ba. Kunya ta kama ni, sannan tsoro, don saura kwana biyu a tura rahoton.

Na sake rubutawa: "An zanta da manoma, sun yi godiya. An duba waken mutum ɗaya, ƙwari sun ci. Ba a duba na sauran ba tukuna." Jimlolin ba su da armashi ko kaɗan. Dakta ta karanta, ta sa hannu. Aka dakatar da rabon irin sai an bincika ajiyarsa.

Ku da kuke shigowa aikin yanzu, ku rubuta abin da kuka tambaya daban, abin da kuka gani da ido daban. Mutanenmu sun gwammace su kwana da yunwa da su kunyata baƙo. Idan ka ƙawata rahoto, kai tuwonka na jiranka a gida. Wanda zai buɗe buhu da bazara ya ga gari, ko sunansa ba ya cikin takardar.