Abin da Na Gani a Kaskon Duna

Ku da kuka kama aikin nan jiya jiya, ku matso ku ji. Har gobe ban manta da Larabar da aka tura ni duba wani kare a wani ƙauye da ke gindin duwatsu a ƙasar Roni ba. Lokacin ina shekara ta uku a aiki, ƙaramin malamin dabbobi, kuma ni ke duba nama a kwatar wata kasuwa da ke ci duk Talata.

Ga wanda bai san aikin ba, in an yanka dabba sai mai duba ya tsattsaga hanta da huhu ya gani. In ya tarar da cuta ya ware naman, a jefa rami, a zuba kananzir a ƙone, sannan ya sa hannu cewa a gabansa aka yi. Ni kuwa ƙaurin nan tayar min da zuciya yake yi. Saboda haka nakan bar wa leburan kwatar, Malam Iro, dattijon da ban taɓa ji ya yi ƙarya ba, ni kuma in sa hannu daga inuwa.

Da safe likitan dabbobi na shiyya ya kira ni ofishinsa a Kazaure. Ya ce, "Mai gari ya aiko. Wai wani kare ya rikiɗe, har mata sun daina bin hanyar rijiya. Je ka gani. In haukan kare ne, ka san doka."

Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na hau babur ina yi wa mutanen ƙauye dariya a raina.

A ƙofar gidan da karen yake dariyar ta ƙare. Rana tsaka ce, bazara, ko kaza ba ta motsi. Mai karen, Baba Sallau, tsohon mafarauci, ya ja ni bayan rumbu. Ya ce sunan karen Duna, don da baƙi ne wuluk.

Babu gashi ko ɗaya a jikinsa sai ɗan tsiri a wutsiya. Fatar ta yi toka-toka, ta yamutse kamar ta tsohon mutum, ga ɓawo ya kewaye idanu da baki. Bai yi haushi ba. Da na zagaya gefensa bai waiga ba, sai ya miƙe a hankali, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, ya tsaya yana kallona. Na koma ɗaya gefen, ya sake yin haka. Ba zan ɓoye muku ba, na yi a'uziyya a fili, ni mai takardar shaida.

Na dai daure. Na sa aka ba shi ruwa, ya sha. Ba ya dalala, kuma ya san ubangidansa. Wannan ba hauka ba ne. Na duba ƙuma da kaska, babu. Na kankari fatar, ba ta yi kama da ƙazwa ba.

Na ce, "Baba, me yake ci?"

Ya ce, "Da dai dusa ce da ragowar tuwo. To birai suka dame ni a gonar gyaɗa, aka ce in ba shi ɗanyen nama ya yi zafi. Tun damina na yanke masa tuwo. Hanta yake ci. Ranar kasuwa ya ci ɗanya, saura in shanya masa."

Nan hankalina ya kwanta. Kare na iya cin ɗanyen nama, amma in aka sauya masa abinci rana ɗaya, kuma aka tsare shi a kan hanta zalla wata da watanni, fata ce ke fara tona asiri, daga baya wuya ya sandare. Na gyara tsayuwa na shiga yi wa tsoho lacca: a mayar da tuwo, a riƙa ɗiga man gyaɗa, a rage hantar. Ina cikin zuba sai idona ya faɗa kan kaskon karen.

Na sa kara na juya guntun da ke ciki. Tsaga uku a jere, da ɗaya a gicciye. Haka nake yi wa duk naman da na hana a ci, kuma ni kaɗai ke yin haka. Ga fararen ƙulle-ƙulle a jiki kamar tsabar gero. Hantar tsohuwar saniyar da na ware jiya ce, mai alamun tarin fuka, wadda na sa hannu cewa ta zama toka.

Na ajiye karan. Na ce, "Baba, wa ke kawo muku wannan?"

"Iro mana, ɗan ƙanwata, Allah ya yi masa albarka. Ya ce zubarwa ake yi, shi kuwa ba zai iya ganin an ƙone abinci ba."

"Karen kaɗai ke ci?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba, Malam. A ba kare nama mutane na kallo? Inda ya yi kyau mukan yanke mu ɗan gasa."

Sai aka yi tari a cikin ɗaki. Tari mai tsawo, busasshe, wanda in ya tsaya sai ka ji ana neman numfashi. Duna ya juya jikinsa gaba ɗaya ya fuskanci ƙofar.

Baba Sallau ya ce, "Mai ɗakina ce, Talatu. Tun sanyi take fama."

Na rubuta rahoto ban ɓoye komai ba, har da inuwar da nake zama. Na sha takardar gargaɗi, aka tsayar da ƙarin girmana, kuma na cancanta. Malam Iro ya yi kuka kamar ransa zai fita. Muka kai Inna Talatu asibiti a Kazaure, aka tabbatar tarin fuka ne. Likitan da ya duba ta ya ce min ba za a iya cewa daga naman ba ne, yana iya zama ɗanyar madara, ko wani ya shafa mata. Shekara da shekaru ina maimaita wa kaina maganar nan, ba ta taɓa isata ba.

Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan ba mugu kaɗai ake tsaro ba. Mutanenmu ba sa iya ganin abinci ya salwanta, kuma mai tausayi ba ya jin yana yin laifi. Sannan duk dabbar da kuka ga ta lalace, ku tambayi abin da masu gidan ke ci.

Inna Talatu ta rasu kafin a yanke gero. Da na je gaisuwa, wani baƙin kare mai sheƙi ya taso daga zaure yana kaɗa min wutsiya. Baba Sallau ya kama hannuna da hannu biyu a gaban jama'a, ya ce, "Ga malamin da ya warkar min da Duna. Allah ya saka maka da alheri, ɗana."

Kowa ya ce amin, ban da ni.