Muryar Kaka a Cikin Baƙin Akwati

Gidanmu a Enugu ɗaki biyu ne da falo, a bayan kasuwar Ogbete, inda Baba yake sayar da albasa buhu-buhu. Warinta ba ya barin rigunansa ko da wane sabulu aka wanke su. 'Yan ajinmu sun taɓa cewa jakata ma tana yi, ban tanka musu ba. Dama ni ba mai magana ba ce. A gida ma akan manta ina falo, a yi ta hira a kaina.

Ina aji biyu a babbar sakandare Kaka ta rasu, mahaifiyar Umma, can gida arewa. Umma ba ta je ba. Cikinta ya tsufa, likita ya hana ta doguwar tafiya a mota. Baba ne ya je ya yi ta'aziyya, ya dawo da ƙullin daddawa da zani ɗaya na marigayiyar. Umma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai rage cin abinci, ta kuma daina kunna rediyo in tana girki.

Abin da ya rage mana na Kaka muryarta ce. Lokacin da aka haifi ƙanena, ciwon ƙafa ya riga ya hana ta hawa mota, ba ta iya zuwa ta yi wa Umma wankan jego ba kamar yadda ta yi a haihuwata. Sai ta riƙa turo saƙon murya kowace safiya ta wayar wata jikarta: yadda za a tafasa ruwan, ganyen da za a tsoma, yawan kanwar da za a sa a kunu, abin da mai jego ba za ta ci ba. A tsakiyar umarnin sai ta juyo kaina. "Ina mai shirun nan? Ku ba ta wayar ta ce uffan, in ji ko bakin yana nan."

Da wayar Umma ta cika, Yaya ya kwashe komai ya zuba a wani ɗan baƙin akwati mai girman tafin hannu, wanda ake jona wa kwamfuta da gajeriyar igiya. Shi estanal yake ce masa, Baba kuma rumbu. Haka yake yi wa wayar Baba ma in ta cika. Daga baya wayar Umma ta faɗa bokitin wanki ta mutu, jikar Kaka kuma ta daɗe da sauya tata. Babu inda muryar take a duniya sai cikin akwatin nan.

Wata ranar Juma'a Umma ta ce wa Yaya ya fito mata da saƙonnin kafin ta haihu. Ba don ta manta yadda ake dama kunun kanwa ba ne. "Ina so in ji ne kawai," ta ce, idonta yana kan shinkafar da take tsincewa.

Yaya ya ce to. Ya jona akwatin, sai ya tuna da wani aikin. Yana shirin jarrabawar shiga jami'a, wadda ake yi a kwamfuta, kuma manhajar gwajin da abokinsa ya ba shi ta ƙi hawa, wai tsarin da ke tafiyar da kwamfutarmu ya tsufa. Ya ce bari ya sabunta shi tukuna, ba zai daɗe ba. Akwatin yana jone, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take aiki. Ana tsakiyar sabuntawar aka ɗauke wuta, fanka ta rage gudu, allon ya yi baƙi.

Sai washegari Yaya ya shawo kanta. Ta tashi da sabuwar fuska, shuɗiya fes, har ƙanena yana tafi. Amma da ya je buɗe akwatin sai wani rubutu ya fito a tsakiyar allon. Ya cire igiyar ya mayar. Ya hura ramin da baki ya sake mayarwa. Rubutun bai canza ba.

Ranar Lahadi ba a fita kasuwa, Baba yana gida. Bayan azahar Yaya ya sa takalmi ya ce zai je wurin abokinsa ya dawo, ya bar komai a kunne a kan tebur. Baba ya shigo falo da butarsa, ya tsaya yana kallon allon.

"Ke, zo ki karanta min. Me ya ce?"

Na karanta a raina, sannan na juya masa da Hausa. "Wai sai an yi masa fomat kafin a yi amfani da shi."

"Au, shi ne yayan naki yake ta zufa tun jiya?" Baba ya yi dariya, ya ajiye butar. "Fomat kawai? Wayata sau nawa yaran nan masu gyaran waya a ƙarƙashin lema suna yi mata fomat? In ta fara iskanci su wanke ta, ta dawo garau, lambobin mutanena duk suna ciki. Ina ake dannawa?"

A kasuwarsu haka kowa ya sani. Waya in ta yi nauyi ko ta riƙa maƙalewa, a kai ta bakin ƙofar kasuwa a yi mata fomat, kamar yadda ake kai mashin a juye masa baƙin mai. Baba bai taɓa rasa lamba ɗaya ba, saboda lambobinsa a kan layi suke, ba a cikin wayar ba. Wannan daga baya Yaya ya gaya mana. A ranar ni ma ban sani ba.

Na nuna masa wurin. Ban iya ƙi ba. Ya sa babban yatsansa, mai tabon wuƙa a gefen farce, ya danna. Wani rubutun ya fito, ya sake dannawa. Sai na uku ya fito da 'yar alama rawaya a gefe. Wannan ban jira a ce in karanta ba, idona ya riga ni. An rubuta cewa duk abin da ke ciki zai goge.

Tunda nake ban taɓa ce wa Baba kada ka yi ba. Yatsan yana tafiya a hankali, yana neman inda kibiyar allon take. Sai kawai na ga hannuna ya fizge igiyar, akwatin yana ƙirjina, na rungume shi da hannu biyu.

"Ke! Lafiyarki ƙalau?"

"Zai share Kaka," na ce. Muryar kamar ba tawa ba.

Umma tana bakin ƙofar ɗaki, ban san tun yaushe ba. Ta dafa bango ta zauna a ƙasa a hankali, yadda masu tsohon ciki suke zama. Baba ya dube ta, ya dubi yatsansa, ya goge shi a jikin rigarsa kamar ya taɓa wani abu mai zafi.

Da Yaya ya dawo bai sha faɗa sosai ba, don Baba bai san ta inda zai fara ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Gobe in an tashi makaranta mu je wurin Madam. Ke za ki riƙe, tunda ke ce mai gadinsa."

Madam wata mata ce Ibo mai shagon gyaran kwamfuta a saman wani bene kusa da kasuwar. Wurin Baba take sayen albasa. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi. Mun same ta tana cin okpa, alalen gurjiyar nan da ake naɗewa a ganye, tabaronta yana rataye a wuya da zare.

"Alhaji mai albasa! Yau kuma kwamfuta ka koma sayarwa?"

"Madam, taimako na zo nema. Yaron nan ne ya yi mana aika-aika."

Yaya ya yi bayani yana kallon ƙasa. Ta wanke hannu, na warware hankicin Umma da na naɗe akwatin a ciki, na miƙa mata. Ta jona shi, amma ba allon ta fara duba ba. Ta ɗaga shi ta kara a kunne, ta yi mana alama da hannu mu yi shiru.

"Yana juyawa lafiya, ba ya ƙwas-ƙwas. Kun danna fomat?"

Baba ya yi gyaran murya. "Mun kusa."

"Kun zuba wani abu sabo a ciki?"

"A'a," in ji Yaya.

"To da sauran magana." Ta juya ga Baba. "Alhaji, ka ga sitonka? A ce ruwa ya shiga ya wanke shaidar da ke jikin buhuna. Albasar tana nan, amma ba a san na wane ne wannan ba, na wane ne wancan ba. Haka ya faru a nan. Wutar da aka ɗauke ce ta same shi yana aiki. Da kun wanke shi kun fara loda sabon kaya a kai, da shi ke nan." Ta nuna Yaya da biro. "Kai kuma, injiniya, ana sabunta kwamfuta ka bar abu a jone? Hu tich yu dat wan? Wa ya koya maka?"

Baba ya gaya mata yadda na fizge igiyar. Na so ƙasa ta buɗe. Ta sa tabarau ta dube ni. "Kada ki sake fizgar igiya haka, ita ma tana kashe su. Amma ta jiya na yafe miki."

Ba ta yi alkawari ba. Ta ce ba za ta taɓa namu ba, za ta fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani, sannan ta sa a bi kwafin lungu-lungu a tsinto abin da za a iya tsintowa. Abu ne mai cin lokaci, kuma wani abin ba zai dawo ba.

A kwanakin nan Umma ba ta tambayi kowa komai ba. Na dai lura tana share falon da ta riga ta share. Ni kuma in an tashi makaranta sai in bi ta ƙasan benen, in hau, in tsaya a bakin ƙofa ban shiga ba. Daga nan ina hango wani koren layi a allon kwamfutar Madam, kullum ya ɗan ƙara tsawo. Wata rana ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Shigo ki zauna, mai gadi. Tsayuwarki ba za ta sa shi sauri ba."

Ranar Asabar ta kira Baba. Muka dawo gida da akwati biyu, tsohon da wani sabo da ta sa ya saya. An samu kaya da yawa, amma duk sunayensu sun tafi. Lambobi ne kawai a jere, na wayar Umma da na wayar Baba a cakuɗe. Babu yadda za a san wanne ne wanne sai an saurara.

Ana ruwa a kan kwano, sai da muka matso muka kewaye teburin. Yaya ya danna na farko.

"Alhaji! Alhaji, wallahi taya ce ta fashe mana bayan Lakwaja, kada ka ce da gangan ne!"

Baba ya fashe da dariya. "Ɗan banza! Ashe ƙaryar nan tana nan a ajiye." Direban da ke kawo masa albasa ne. Na biyu ma shi ne, wannan karon wai sojoji sun tsare hanya. Na uku wa'azi. Na huɗu ƙanena yana rera karatun allo yana cinye rabi. Wani ya buɗe, sai shuuu kawai kamar rediyon da ya rasa tasha. Wani ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Duk wanda ya ƙi, sai in ga Umma ta murza bakin zaninta da yatsa biyu.

Muka yi ta bi. Direban ya dawo sau da yawa, har ƙanena ya fara kwaikwayonsa. Baba ya daina dariya. Ruwan ya tsagaita, aka fara jin ɗigarsa a bokitin da ke bakin ƙofa.

Sai wani ya buɗe da kukan kaza, da ƙarar turmi daga nesa, sannan tari guda biyu, ƙanana.

"Yana ɗauka? Ke, na ce yana ɗauka? To. Salamu alaikum. Kin tashi lafiya? Ya jikin? Ya jinjirin?"

Muryar Kaka ce. Yaya ya sauke wani dogon numfashi, ya kifa goshinsa a kan tebur. Baba ya ce alhamdulillahi a hankali, ya sake faɗa, ya miƙe ya fita tsakar gida ba tare da takalmi ba, ko da yake ƙasa a jiƙe take.

"Jiya an ce min ruwan bai yi zafi sosai ba," in ji Kaka. "Kada ki bari su tausaya miki. Kuma kunun nan, na san ki, kina zuba sukari a ɓoye."

"Ba na zubawa, Inna," Umma ta ce wa kwamfutar.

"Ki daina," in ji muryar Kaka.

Umma ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ban san ko in taɓa ta ba, sai na matsa har gwiwata ta taɓa tata, na zauna a haka.

Ba duka aka samu ba. Wani saƙon ya yanke a tsakiyar magana, tana cewa "in cibiyar ta faɗi, sai ki" shi ke nan. Amma masu kyau sun fi yawa, kuma da muka gano inda suke sai muka same su kusa da juna. Ni aka ba aikin sa musu suna, ina saurara ina rubutawa: ruwan wanka, ganyen darbejiya, yaji, faɗan sukari. Yaya yana kwafe kowanne zuwa wayarsa da ta Baba, ya tura wa 'yan'uwan Umma a gida, ba wanda ya ce ya yi.

Da aka kira la'asar Umma ta goge fuska, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ta leƙa kicin ta dawo.

"Kanwarmu ta ƙare," ta ce. "In kin yi salla ki karɓo min a wurin tsohuwar nan ta bakin masallaci, ki ce jar nake so. Amma tsaya, maido min na farkon nan tukuna, mai kazar."