Kwalbar Man Kifi

Ranar kasuwar Guci ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyu a lakwal, makarantar boko ta Magarya, zamanin Nasara. Na zo hutu, ina tsinkar gyaɗa a gindin rumbu, sai ga Inna da wata kwalba mai ruwan ƙasa ƙulle a haɓar zane. Wani ɗan koli ya sayar mata, wai maganin ƙarfi ne na Turawa, yana sa yaro ƙiba. Lokacin an yaye ƙanena Ilu, tamowa ta kama shi, wuyansa kamar sillen kara, ko kunu ba ya zama a cikinsa.

Duk unguwarmu ni kaɗai ke karanta boko, don haka aka kira ni tsakar gida, masu sussuka suka jingine taɓare. An kankare saman takardar kwalbar, saura kalma guda da jan rubutu. Mushe, malaminmu, ya koya mana "poisson", wato kifi da Faransanci, kuma na san a gidan likita ana bai wa ramammun yara man kifi. Na ɗaga murya na ce, "Inna, man kifi ne." Kakata ta shinshina, ta kau da kai ta ce, "Ɗan lakwal, wannan kifin a wace rijiya ya kwana?" Aka yi dariya.

Washegari da hantsi aka ɗura masa cokali. Ƙudajen da suka sauka a cokalin ba su tashi ba. Na gani, na koma tsinkar gyaɗata. Kafin la'asar Ilu ya daina kuka, ya kwanta ido buɗe yana kallon azara, yawu na bin kumatunsa, mata suna cewa magani ya karɓe shi. Daga baya ya tashi, ya rayu har furfura, amma bai ƙara cewa ko "Yaya" ba.

Sai da na koma aji Mushe ya rubuta kalmomin biyu a allo: mai "s" biyu kifi, mai guda guba. Ta kwalbar mai "s" guda ce. Abin da ɗan kolin ya zuba ciki, ba wanda ya tambaye shi. Shi kuwa Kumandan, Baturen mulki, haraji da gyaɗa ne damuwarsa.

Yau a Guci magungunan ƙiba da ƙarin jini suna yawo a faranti da bayan babur, masu karatu sun yi yawa, mai bincike kuwa ban taɓa gani ba. Nakan so in tuna muryar Ilu, ta ƙi zuwa. A lakwal an koya mana kalmomi da yawa, ban da "ban sani ba".