Ranar da Suka Cire Mini Shadda a Lamorde

Shekarun baya, lokacin da nake rubuta allunan shaguna a kasuwar Katako, aka gayyace ni wani zama na mako guda da ake shirya wa masu zane a hutun damina. A wani lambu ne a Lamorde, hayin kogi. Da safe a saurari jawabai kan yadda mai fasaha ke tsallake wahalhalu, da rana kowa ya yi aikinsa, ranar ƙarshe a baje zane-zane a kira mutane su gani. Ni da ban taɓa zama a ɗaki mai na'urar sanyi ba sai in na je kafa allo, kaina ya kumbura sosai.

Aikina a lokacin kan ɓallin katako nake yi, da ragowar fentin mota, don shi hannuna ke kaiwa. Amma akwai zane ɗaya da na yi a kan yadin zane na gaske, na ɓata wata uku a kansa: hoton mahaifiyata tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta taɓa ganinsa ba. Burina ɗaya ta shigo ranar ƙarshe ta tarar da kanta a bango, ni kuma ina tsaye kusa da shi kamar mutum.

Da na gaya mata za a ba ni magana gaban jama'a, ba ta nuna murnarta a fili ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta yabe ni. Sai dai ta ciro farar shaddata ta Sallah, ta wanke, ta sa mata sitaci, ta ɗauka da kanta ta kai wa masu bugu. A gidanmu, tun daga Maraɗi, ba a tsayawa gaban mutane da kayan aiki.

Ranar ƙarshe na iso ina ƙyalli, shadda tana ƙara in na motsa. Shugaban taron, wani mai gilashi da ya yi mako yana yi mana jawabin mutuncin mai fasaha, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ɗan'uwa, ina rigar nan taka mai fenti?"

Na ce, "Tana cikin jaka, Yallaɓai. Ai yau ranar baƙi ce."

"Shi ya sa. Baƙin da ke tallafa mana za su zo. In sun gan ka haka, ba za su gane irin wahalar da ka sha ba. Sa waccan, ta fi faɗin gaskiya."

Ku ji fa. Gaskiyata wai tana cikin riga mai datti. Na leƙa zauren, sai na ga ɓallayen katakona huɗu reras a bango, har da wanda ƙusa ta tsaga. Hoton mahaifiyata kuwa an jingina shi bayan ƙofa, fuskarsa na kallon bango. Na tambaya, ya ce ai ya yi kyau da yawa, kowa a duniya na iya yin irinsa, katakon ne labari.

Nan ne wurin da har yau nake jin haushin kaina. Ban yi gardama ba. Na shiga bayan wata bishiyar mangwaro, na tuɓe shaddar da tsohuwa ta kai bugu, na ninke, na zura rigar da ko makanike zai ji kunyar sawa ranar Juma'a.

Wani abokina ya kawo mahaifiyata a taksi. Ta sha lallenta, ta yafa mayafinta na biki, ta zauna a layin gaba. Aka miƙa mini mikro, abin magana. Shugaban ya gabatar da ni da Faransanci, yana cewa ga yaron da ya taso ba shi da komai, ba shi da kowa. Ba ta jin Faransanci, alhamdu lillahi, amma ni ina ji. Ba shi da kowa? Matar da ta sayar da ƙosai shekara da shekaru ta sa ni lakwal na yi boko tana zaune gabansa.

Na duba ta. Ba ni take kallo ba, bango take bi da ido, ɗaya bayan ɗaya, don abokina ya riga ya fasa mata ƙwai a hanya cewa akwai hotonta. Ta kai ƙarshen bangon ta sake dawowa farko.

Raina ya ɓaci. Na ajiye mikro a tebur, na je bayan ƙofa na ɗauko zanen, na sauke katako ɗaya na rataya shi a gurbinsa. Na ce da Hausa, wanda zai fassara ya fassara: "Kun tambayi wahalar da na tsallake. Katako bai taɓa hana ni aiki ba. Wahalar ita ce mutanen da ba sa son ganina sai a cikin tsumma." Wasu suka tafa, shugaban ya yi ta goge gilashinsa. Ba su sake gayyatata ba, ni ma ban nema ba.

Mahaifiyata ta daɗe tsaye gaban hoton. Abin da ta ce kawai, faifan ya fi nata na gida kyau. Na ɗauka na wanke laifina.

Sai da muka hau gada a taksi, zanen a kan cinyarta, jakar da shaddar ke ciki a ƙafata, ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Kai, bugun ne bai yi ba?"

Yau hoton yana ɗakinta, ita kuma Allah Ya yi mata rasuwa. An gayyace ni wurare da dama tun daga nan, kuma ko'ina da shadda nake zuwa, wanda bai so ba ya riƙe gayyatarsa. Har yanzu in na tuna mutumin nan jinina tafasa yake. Amma shi baki kawai ya sa. Hannuna ne ya cire rigar.