Ƙusa Biyu da Tsakuwa Ɗaya

Na yi shekaru ina gyaran birki a Tawa kafin a kawo mini motar da na raina tun daga bakin ƙofa. Garajina rumfar kwano ne da fili a gefen hanyar tasha. Motocin da na sani su ne masu zuwa kasuwannin ƙauye, awaki a sama, buhunan hatsi a ciki, mutane a kan buhunan. Direbobi sun yarda da hannuna, in birki ya gagari kowa sai a ce a kai mini. Ba ni da gona mai kirki, ba ni da shanu, wannan sunan shi ne abin da na tara.

Mai motar taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina. Ya daɗe a Abijan yana fatauci, ya dawo da tumbi da tabarau da wannan jan abu mai kujera biyu. Kujera biyu, ga mutum mai mata da 'ya'ya bakwai. Cikinta kusan a ƙasa yake, ko kaza sai ta sunkuya kafin ta shiga ƙarƙashinta. In ya zo kan tudun da ake yi wa hanya don rage gudu, sai ya karkace ya hau a hankali, 'yan kabu-kabu suna wuce shi suna dariya. Garinmu Kalfu kuwa bai taɓa kai ta ba. An ce tana gudu kamar iska, amma iyakarta daga gidansa zuwa wurin mai tsire.

Ya ce birkin gaba ne ke kuka, ƙiii, yana ba shi kunya a gaban mutane. Ya jefo mini makulli cikin wasa irin na taubasai, yana cewa bawansa ya duba masa, in kuma aikin ya fi ƙarfin mai gyaran motocin awaki in faɗa tun da wuri ya aika da ita Yamai. Na ce masa ya tafi, wadda ta fi wannan ma na kwance.

Da na cire ƙafar dama sai na ga etiriye, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki yana matse shi. Ja ne shi ma, an shafe shi da fenti sumul, sai ka ce kwallar jere. Na tsaya ina tsaki. Wa ke yi wa birki kwalliya? Na laluba bayansa ina neman ƙusoshi biyun nan da na saba kwancewa in ɗaga shi in zare falaket, takalman birkin da ke gogar faifan, ban same su ba. Nan take na yanke hukunci cewa Turawan da suka ƙera shi ba su taɓa tsugunawa a ƙasa da sifana a hannu ba, sun yi shi ne don ido da kuma wahalar da talaka.

Sai na bi manyan ƙusoshin da na gani. Sun yi gardama, na sa bututu a kan sifana na hau da ƙafa. Da suka saki, etiriyen ya rabe gida biyu kamar goro, man birki ya tsiyaye mini a hannu. A ciki fistan shida ne, kowane da girmansa, da zobban roba sirara. Haushi ya ƙara kama ni, motar mutum biyu da fistan shida a ƙafa ɗaya. Na tattara komai na watsa a kwanon isansi, wato fetur, inda nake wanke ƙarafa. Na san roba ba ta shiri da isansi, amma a motocinmu in ta lalace sai ka taka kanti ka ɗauko wata, don haka ban ko waiwaya ba na tafi sallah da cin abinci.

Da na dawo, robobin sun kumbura sun yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Ko ɗaya bai koma gurbinsa ba.

A gindin bishiyar bedin da ke jikin garajina akwai wani tsohon Buzu, maƙeri, mai yin wuƙaƙe da 'yan kwaɗunan nan na jakar fata. Mun daɗe muna gaisawa, amma ban taɓa ɗaukarsa mai sanin wani abu a kan mota ba, ko keke ba shi da shi. Ya ga na daɗe a tsugune, ya taso ya leƙa kwanon. Ya zagaya ƙafar hagu da na riga na cire taya ban taɓa birkin ba, ya gyara rawaninsa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya koma ya ɗauko ɗan tsinken ƙarfe da ƙaramar gudumarsa.

A saman etiriyen akwai wasu siraran ƙusoshi biyu a kwance, da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da ke danne da su. Na gan su tun farko, na ɗauka cikin kwalliyar ne. Ya danna ƙarfen da babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ƙusa ta farko ta fita, ya ƙwanƙwasa ta biyu. Ya sa yatsu biyu ya zaro falaket ta sama, kamar mai zaro wasiƙa daga ambulan. Wata 'yar tsakuwa ja ta faɗo ƙasa. Ita ce mai kukan, kuma ma ba a ƙafar da na tsaga take ba.

Ya ce, “Maigida, wanga kwaɗo na. Wanda yay yi shi ya bar maka ƙohwa. Mi yas sa kab bi ta bango?”

Kunya ta rufe ni, kuma na ji haushinsa fiye da na motar. Mutanen da na wuni ina zagi ashe sun yi tunanin mai gyara fiye da duk masu motocin da na sani, ko sifana ba sa so ka ɗauka.

Na nemi robobin a Tawa, babu. Na aika Ƙonni, na aika Sakkwato, abin da aka kawo ko ya yi girma ko ya yi kaɗan. Na gwada yanka wasu da reza, man ya bi ta gefe. Taubashina ya yi ta zarya, a ƙarshe dole na zaunar da shi. Na ɗauko kwanon na nuna masa robobin da suka kumbura, na ce haka na tarar da su, sun riga sun ruɓe a ciki, kukan da yake ji gargaɗi ne, da ya ƙara kwana biyu yana hawa da birkin ya tsinke masa a tsakiyar kasuwa. Na ƙara da cewa irin wannan ƙira ba a yi ta don gyara ba. Tsohon yana zaune a gindin bedinsa yana goge wuƙa, yana jin kowace kalma, bai ɗago kai ba.

Taubashina ya yi salati, ya kama hannuna da hannu biyu. Mutumin da ya iya ciniki da Yarabawa da 'yan kwastan, ga shi ya haɗiye maganata ko tauna bai yi ba. Na raina shi a ranar fiye da kullum. Aka ɗaure motar da igiya aka ja ta zuwa gidansa, aka lulluɓe da tamfol, can take har yau.

Sunana bai taɓu ba, ƙaruwa ma ya yi, domin taubashina da kansa ya riƙa yawo da labarin. Bara an yi suna a gidan yayarmu a Kalfu, maza sun cika zaure ana jiran abinci. Ya dafa kafaɗata a gaban dattawa da direbobi biyu da na sani.

Ya ce, “Ku dube shi da kyau. Wanga bawan nawa shi yat tsirad da raina. Turawa da iliminsu duka, shi yag gano aibinsu.”

Aka yi ta sa mini albarka. Na sunkuyar da kai na ce yin Allah ne. Da aka kawo nama, shi ya zaɓo mini tsoka mafi girma ya ajiye a gabana, na kuwa cinye ta.