Rigar da Baba Kushin Ya Ɗinka wa Lagireto

Ranar Litinin, sha ɗaya ga Afrilu, da ƙarfe tara da kwata na safe, makaniki ya fara haɗuwa da Baba Kushin. Yana kwance ƙarƙashin wata mota sai ya ji ƙaurin baƙin mai ya cika gareji. Da ya fito, ya tarar da wata tsohuwar ƙaramar bas, irin mai gado da ɗan murhu a ciki, injinta na baya yana ta hayaƙi. Wani siririn dattijo da tef ɗin awo a wuya yana yi wa injin fifita da kwali.

"Ɗana, zuba mata ruwa. Ƙishi take ji."

"Baba, wannan injin ba ya shan ruwa. Iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi."

"To, ai ka ga ina nan ina ba ta iskar."

Shekara arba'in da ɗaya Baba ya yi yana ɗinkin kujerun mota, a nan ya samo sunan. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a buɗe ya ƙyale. Rediyonsa da riga, keken ɗinkinsa da riga, har kwaɗon ƙofar shagonsa bai tsira ba. Motar kuwa gadonta ya yi daga wansa, kuma bai taɓa wuce bakin gari da ita ba.

Yanzu tafiya ce ta kama shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, tana fama da ciwon baya, ba ta iya zaman mota fiye da rabin awa. Yayarta da ta rene ta kuma tana kwance a wani gari mai nisan kilomita ɗari shida da ashirin, bayan tsaunuka, likita ya ce a sanar da dangi. Mama ba za ta iya zuwa ba sai a kwance, gado kuwa a wannan motar kaɗai yake.

Makaniki ya ce injin na nan da ransa, zafi ne ke cin sa, kuma ba zai hau tsauni a haka ba. Sai an ƙara masa ɗan lagireto na baƙin mai, a jawo tiyo biyu daga injin, mai ya riƙa fita yana shan iska yana komowa. Aikin kwana biyu ne. Ya ci kwana biyar, saboda Baba.

Kullum ƙarfe takwas Baba yana kan benci. Makaniki ya so ya yanka gefen motar ya ɗaura lagireton a nan, Baba ya ce sai dai shi a yanka. Aka koma ƙarƙashin mota, gaban tayar baya. Baba ya ce tiyon ya karkace, a kwance a sake. Idan makaniki ya ajiye sifana, kafin ya waiga Baba ya goge ta ya mayar cikin akwati. Sau bakwai aka roƙe shi ya je gida ya huta.

Ranar Juma'a aka gama. Baba ya durƙusa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Haka za ka bar shi? Tsakuwa fa? Laka fa?"

"Haka ake barinsa, Baba. Iska yake so. Don girman Allah kada ka taɓa."

Suka gwada motar kilomita arba'in da rana tsaka, allurar zafi ba ta wuce rabi ba. Makaniki ya raka Baba har bakin titi, ya ce a ransa ya rabu da ƙaya.

Ranar Litinin, sha takwas ga wata, da sha biyu saura minti ashirin, wayar Baba ta shigo wa makaniki. Suna kan hawan farko, allura ta shiga ja, mota na wari. Makaniki ya ce a kashe injin, ya rufe gareji, ya hau babur. Kilomita casa'in ya yi yana tuhumar kansa: ko tiyo ne ya tsage, ko noti ya manta bai ɗaure ba.

Ya same su a gefen hanya, rana kamar ta fasa kai. Bai ko gaisa ba ya shige ƙarƙashi. Tiyo lafiya, noti lafiya. Lagireton ne bai gani ba. A wurinsa akwai wata jakar fata ruwan ƙasa, an yi mata shafin soso a ciki, da zif, da ɗinki biyu a jere, tsaf kamar ta ofis.

Ya fito a hankali, ya zauna a ƙasa.

"Baba, mene ne wancan?"

"Fata ce mai kyau, ba roba ba ce."

"Me na ce maka ranar Juma'a?"

"Ka ce iska yake so. Ka duba da kyau, na huda masa ƙofofi shida, kowace da zoben ƙarfe."

"Ƙofofin da ko ɗan yatsana ba ya shiga! Baba, bargo ka lulluɓa wa mai zazzaɓi!"

Daga cikin mota Mama ta ɗaga labule. "Ɗana, ai ba ka ga komai ba. Buɗe bayan ka gani."

Ya buɗe. Duk ramukan da fanka ke jan iska ta cikinsu an toshe su da soso, an manne da gam.

"Ƙara ce ke hana ta barci," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni na ce maka barci na zo yi, Malam? Yaya na can tana jira, kai kana nan kana yi wa ƙarfe ɗinki! Da ban ji wari na ce ka tsaya ba, da yanzu a ƙafa muke."

Makaniki ya zaro wuƙa. Baba ya riƙe masa hannu, ya ce ai akwai zif. Haka ya haƙura ya zuge zif ɗin, ya ɓamɓare soson ɗaya bayan ɗaya, suka jira awa ɗaya da rabi injin ya huce. Ya duba mai, ya ƙara rabin lita, ya tayar. Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Ya saurara sosai, bai ji bugun ƙarfe ba.

Ya dubi hawan da ya rage, ya dubi Baba yana ninke jakar da alamar bai gamsu ba. Sai ya kai babur ɗinsa gidan mai na kusa ya ba da ajiya, ya dawo ya miƙa hannu.

"Kawo makulli. Kai zauna baya kusa da Mama, kuma hannunka a cinya."

Sun isa ranar Talata da yamma. Yayar ta gane ƙanwarta, ta kira ta da sunan yarinta. Kwana goma sha ɗaya suka yi tare kafin yayar ta rasu.

Baba ya ƙara shekara huɗu yana tuƙa motar. Duk wata uku yana kawo ta a canza mai, kuma bai taɓa fita garejin ba tare da musu ba. Daga baya idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, ya rufe shago. Yanzu shi da Mama suna zaune gidan babbar 'yarsu. Mijin 'yar ne ke riƙe da motar, kuma tana tashi har yau.